Allon kwamfuta da ciwon wuya

Da aka tattauna ciwon wuya da kafaɗa da ke damun masu wuni gaban kwamfuta, kusan duk shawarwarin a kan allon suka tsaya. Samansa ya yi daidai da ido ko ƙasa kaɗan, nisansa tsawon hannu, wajen santimita 50 zuwa 70. Masu laftof ne suka fi shan wahala, don kai kullum a sunkuye yake. A ɗora ta kan littattafai, a sa mata kibod da maus daban. Mai allo biyu ya ajiye babban a gabansa, kada ya wuni yana waiwaye. Sai kuma miƙewa duk bayan minti 30, wanda kowa ya sani amma ba a yi.