Fiyanon kwamfuta na yi mini jinkiri da ƙugi, wace sifika zan saya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Nima, cikin Accra, ɗaki ɗaya a gidan haya. Na sayi kibod na hannu mai maɓalli 88, irin wanda ba shi da murya tasa sai an jona shi da laftof ta USB, manhajar Pianoteq ce ke fitar da sautin. Da abin kunne ana iya haƙuri, amma kunnena ya gaji. Na haɗa da sifikar kallon fim ɗin ɗakina ta Bluetooth, sai in danna maɓalli, sautin ya zo daga baya kamar amsa-kuwwa. Na koma waya ta ramin abin kunne, sai ƙugi, hannun hagu kuma ya zama buɗuɗum, ba a bambance maɓalli da maɓalli. Kuɗin hannuna ba zai sayi komai lokaci ɗaya ba. Da me zan fara?

Mai ɗaukar sauti a Mamobi: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka fara da sifika. Bluetooth ka manta da shi gaba ɗaya, jinkirinsa kan wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A kallon fim ba ka ji, amma yatsa yana ji. Abin da za ka fara saya shi ne ƙaramin akwatin sauti na USB, irin Focusrite Scarlett Solo, ko Behringer UMC202HD in aljihu bai kai ba. Ka sauke direbansa na ASIO, wato manhajar da ke sa laftof ya yi aiki da akwatin kai tsaye, ka shiga Pianoteq ka zaɓe shi, ka sa bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da laftof ke tarawa kafin ya fitar, a kan 128. A gudun gutsattsari 48,000 a daƙiƙa, wannan jiran bai kai kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ba. In ka ji tsartsatsi a sautin, laftof ɗin ne ya gaji, ka ɗaga zuwa 256. Ni da kaina na yi shekara ina zargin sifika, ashe direban Windows ne.

Sai sifika. Wadda kake da ita an yi ta ne ta kumbura bes, wato sauti mai kauri, don harbe-harben fim. Fiyano na son sifikar sutudiyo guda biyu masu amfilifaya a ciki, mai baki inci 5 ya ishi ɗakinka: Yamaha HS5, JBL 305P ko KRK Rokit 5. Guda biyu fa, domin ƙananan maɓallai suna fitowa ta hagu, na sama ta dama, kamar kana zaune gaban fiyano na katako.

Wani daga Aboabo, Kumasi: Yaya, ban yarda da inci 5 ba. Maɓallin ƙarshe na hagu yana kan 27.5 Hz (ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri), HS5 kuwa tana tsayawa wajen 54. Maɓalli goma sha biyu ke nan a ƙasa da ƙarfinta. Ya ƙara haƙuri ya sayi inci 8.

Mai ɗaukar sauti a Mamobi: Lissafinka daidai ne, amma a waɗannan maɓallan yawancin abin da kunne ke kamawa muryoyin da ke bisa tushen ne, kuma inci 5 na fitar da su. Sannan ka taɓa ganin ɗakin haya a Nima? Inci 8 cikin wannan ɗaki sai bango ya riƙa mayar da bes, ga Hajiya mai gida tana buga ƙofa kafin Isha'i.

Mai gyaran lantarki a Zongo Lane: Ɗana, gwada wannan yanzu: zare cajar laftof ka saurara. In ƙugin ya mutu, ta hanyar wuta yake shigowa. Maganinsa ka sa laftof da sifiku duk a soket ɗaya mai reshe, daga akwatin sauti zuwa sifika kuma ka yi amfani da waya mai baki babba mai zobe biyu, TRS, ko XLR a gefen sifikar. Mai zobe ɗaya ta jita ce, tana kwasar hayaniya. Kada wani ya ce ka karya ƙafa ta uku ta fulogi, ita ce ke tsare ranka. Abu na biyu, in na hannu za ka saya, juya bayanta ka karanta. Wutarmu a Ghana ƙarfinta 230 ne, kayan da aka yi don Amurka da yawa 120 ne kawai. Makon jiya aka kawo mini guda biyu sun ƙone a jonawar farko. Kuma in an ɗauke wuta ka kashe su a bango, dawowarta ce ke yin ɓarna. Wajen kunnawa sifika ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko.

Wata malama daga Madina, Accra: Ƙanena, wurin ajiyewa ma rabin aiki ne. Kai da sifikun biyu ku zama kamar duwatsun murhu, tazara ɗaya, ƙaramin bakin sifikar na sama daidai kunnenka. HS5 da JBL ramin iskarsu a baya yake, kada ka manna su da bango. In dole sai ka manna, KRK ramin a gaba yake. Amma in da niyyar zuwa biki ko raɗin suna da sifikun, a'a, wannan aikin amfilifayar kibod ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Baba, na zare cajar, ƙugin ya ɗauke ɗif. Anti, na gida ne kawai, a wurin biki akwai kayan ƙungiya. Akwatin sauti zan fara saya wannan watan, sifika sai bayan Sallah.

Mai gyaran lantarki a Zongo Lane: Ranar da za ka zo sayen sifikar, taho da laftof da akwatin, a jona a gabanka. Ka buga maɓallan hagu ɗaya-ɗaya da ƙarfi, in takardar bakin ta tsage a nan za ka ji tana karkarwa.