Hoto kaɗai ya isa a gane laimar kwaɗi?

Tambaya: Jama'a, sabon shiga ne ni. Na ɗauki hoton wata laimar kwaɗi daga sama, ya isa in san ko ana ci?

Amsa: A'a ɗan'uwa, bai isa ba. Tono ta da wuƙa har gindi, kada ka tsinke. Ɗauki hoton ƙarƙashin hular (wato saman laimar), karan, da gindin. In ka ga jaka a gindi, zobe a kara, ƙarƙashi fari, yi hattara, siffar Amanita phalloides ke nan, wata laimar kwaɗi mai gubar da ke kisa.

Amsa: Kife hular kan farar takarda, rufe da kofi ta kwana. In garin da ya zuba kore-kore ne, Chlorophyllum molybdites ce, amai da gudawa take sawa.

Amsa: Dafuwa fa ba ta kashe gubar Amanita. Sai bayan awa 6 zuwa 24 ciwon ciki ke tashi, alhali hanta ta fara lalacewa. Kada ka ci sai masani ya riƙe ta a hannunsa ya duba.