Suna linzami ne: a bar Kaka ta kira shi Ajuji?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina neman fahimtar dattawa da malamai kan karin maganar nan, "suna linzami ne", don ta raba mana gida biyu. Matar yayana ta sauka, an samu namiji, bayan biyu da suka rasu tun suna goye. Sunan yanka babu gardama, Abdullahi ne. Rigimar kan laƙabi take. Kakarmu ta ce Ajuji za a riƙa kiransa. Yaya ya ce atafau, suna linzami ne, ba za a ɗora wa ɗansa juji a ka ba. Abin da ya ɗaure min kai, ita ma Kaka da wannan karin maganar ta kafa hujja. Wa ya fahimce ta daidai? Kuma ni ban taɓa cin karo da mai wannan suna a Kumasi ba. Daga ina ya fito?

Hajiya Mai Goro:
Wa alaikumus salam ɗana. Barka, Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya. Kada ku ga baƙin kakarku, tsoro ne ya sa ta, ba ƙiyayya ba. Sunan 'ya'yan wabi ne. Idan mace tana haihuwa suna komawa, tsofaffi kan ce yaron ne ɗaya yake zuwa yana tafiya saboda ya ga ana ɗokinsa. Sai a nuna masa ba a damu da shi ba: Ajuji, Ayashe, Ajefas, Bawa. Akwai kuma na roƙo, Barau, Abarshi, Abarta, wato dai a bar mana wannan.

Ina yarinya na ga an yi a gidanmu na haya a Zongo. Aka naɗe jaririn cikin tsohon zane, aka kai bakin juji aka ajiye a ƙasa, uwar tana ɗaki an hana ta leƙowa, ana jin shessheƙarta ta bayan labule. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta zo kamar mai wucewa, ta sunkuya ta ɗauka tana cewa yau ta yi tsintuwa. Ita ta mayar da shi hannun uwar a matsayin amana. Ya rayu, ya yi fataucin goro, ya ga jikoki. Abin da kakarku take nufi da linzami shi ne abin da ake riƙe doki da shi kada ya kubce.

Malam Na Asawase:
Hajiya, Allah Ya ƙara girma, bayaninki ya fito da asalin abin. Amma wanda kika gani ya rayu, kwanansa ne yake gaba. Da yawa an kai su jujin kuma sun koma. Ajali ba ya jin suna balle a ruɗe shi da suna, kuma imani da cewa yaro ɗaya ne ke kai da komo ba shi da gurbi a aƙidarmu.

Ma'anar da yayan Ɗan Aboabo ya ɗauka ita ce wadda na taso na ji: suna yana jan mai shi zuwa ga ma'anarsa. Tana da madogara. Buhari ya ruwaito daga Sa'idu ɗan Musayyib cewa kakansa ya je wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce sunansa Haznu, mai nufin tsauri. Annabi ya ce a'a, kai Sahlu ne, mai sauƙi. Ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya raɗa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsauri bai bar gidansu ba. Haka ya canza wa wata 'yar Umar suna daga mai saɓo zuwa Jamila. In rayuwa ake roƙa wa yaron, ga Yahaya nan, wanda malaman tafsiri da dama suka danganta da rayuwa, kuma a cikin Suratu Maryam Allah Ya ce bai sanya masa takwara ba kafinsa. Mai son suna na daban ma ga shi.

Jikan Barga:
Allah Ya gafarta Malam, ina da ja kaɗan, ba a kan hadisi ba, a kan karin maganar. Kakana mai kiwon dawaki ne, a hannunsa na koyi ɗaura sirdi. Linzami ƙarfe ne da ake sa wa doki a baki. In ka sa masa ka saki, ba inda ƙarfen zai kai shi, zai tsaya yana taunarsa ne yana zubar da yawu. Sai mahayi ya ja kamazuru, wato igiyar linzamin, sannan ya juya dama ko hagu. Wanda ya fara faɗin wannan magana ya san doki. Abin da yake nufi, da suna ake juyo da mutum. Ka shiga kasuwar Kejetia da tsakar rana, hayaniya ta ko'ina, ka kira sunan mutum ɗaya, shi kaɗai zai waiwayo. Ƙarfin yana hannun mai kira.

Ga Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, na zamanin Shehu Usmanu. Sunan nan da Hajiya ta lissafa cikin na wabi shi yake ɗauke da shi, sarakuna kuma suna shakkarsa. Ina bautar da sunan ya ja shi zuwa gare ta?

Malam Na Asawase:
Ɗana, Bawa ai yana da mafita, kowa bawan Allah ne, Abdullahin ma abin da yake nufi kenan. Juji fa, wace mafita za ka nema masa?

Jikan Barga:
Abu Turab, Malam. Annabi ya tarar da Sayyidina Ali kwance a masallaci ƙasa ta ɓata masa baya, yana share masa yana cewa tashi baban turɓaya. Aka ce babu sunan da Ali ya fi so a kira shi da shi kamar wannan. Turɓaya ba abin alfahari ba ce, bakin da ya faɗa da ƙaunar da aka faɗa da ita ne suka ɗaukaka sunan.

Malam Na Asawase:
Hujjarka ta yi kyau a kan laƙabin ƙauna. Sai dai wancan ba a yi shi don a kauce wa mutuwa ba. Niyyar ce ta raba su.

'Yar Asantewa:
Mahaifiyata Ba'asantiya ce, mahaifina Bahaushe, don haka na ji abin ta ɓangare biyu. Su ma suna da irinsa sak. Sumina sunan mutum ne a wurinsu, ma'anarsa kuma juji. Donko bawa ne, Bagyina kuma roƙo ne cewa yaron ya tsaya. Har tsaga sukan yi wa irin yaran a fuska. Yarbawan Zongo kuma suna da Malomo da Kokumo. Kowace ƙabila da ta binne jarirai da yawa ta ƙirƙiro irin wannan suna, don haka ni ba na ganinsa abin kunyar Hausawa.

Abin da nake so Malam ya duba, su Asantawa sun fi mu riƙe sunayensu. Kofi Annan a garin nan aka haife shi ranar Juma'a a 1938, tagwaye ne shi da 'yar'uwarsa, ya riƙe Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya da Kofi ɗinsa, sunan ɗan Juma'a, da Atta ɗinsa, sunan tagwaye. Mu kuwa ina Ɗanjuma, ina Talatu, ina Gambo da Tanko da Kande? Muna zubar da su ɗaya bayan ɗaya kamar ba su da iyaye.

Malama Ta Islamiyya:
Yaya, a nan kin taɓo inda yake min ciwo. Rajistar ajina cike take da Amira, Hanan, Nawal, Aiman, Sultan. Sunaye ne masu daɗi, amma wasu iyayen daga waya suka tsinto, ka tambaye su ma'ana sai a yi shiru. Asabe da Lami sai a bakin kakanni. Duk da haka a kan Ajuji ina bayan uban yaron, dalilina kuma daga maganar Jikan Barga na samo shi. Ya ce ƙarfin yana hannun mai kira. To su wa za su kira? Ba Kaka kaɗai ba. Yaran Zongo na yau ba su san juji ba, bola suke cewa, amma rana ɗaya wani zai ji fassarar a gida ya kawo ta makaranta. Waɗanda ba Hausawa ba kuma kunnensu juju zai jiyo musu. Na ga yaro mai ƙoƙari ya daina ɗaga hannu a aji saboda sunan tsokana. A zamanin da Hajiya ta ba da labari, duk wanda ya ji Ajuji ya san uwar ta sha kuka, tausayi yake ji. Yanzu masu wannan sanin sun ƙaranta.

Hajiya Mai Goro:
'Yata, gaskiya kika faɗa, masu sanin sun tafi. Amma ku sani laƙabi ba a kafa shi da shawara, ba a kuma cire shi da faɗa. Alhassan Ɗantata da ya yi fataucin goro a ƙasar nan kafin ya zauna Kano, daga matar da ta raine shi, Tata, sunan ya bi shi, ga shi zuriya guda na amsa shi har yau. Kuma wace kaka ce take kiran jika da sunan yanka? In an sa sunan mijinta ko surukinta ma ai dole ta saya, ta ce Maigida ko Abba.

Nas Daga Tafo:
Barka da arziki Ɗan Aboabo. Ni ba malama ba ce a karin magana, amma jarirai biyu a jere ba abin da za a bari a hannun suna ba ne, kowane iri. Yawancin abin da kakanninmu suka kira wabi yana da sunansa a asibiti: zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, sarƙewar haƙora daga yankan cibiya da ƙazamar reza, shawara, da sikila. Sikila ta fi kama da labarin wabi, don gado ce. In uwa da uba duk AS ne, wato suna ɗauke da ita ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato mai ciwon, kuma yana iya faɗawa kan yara a jere. A Ghana kusan jarirai 2 cikin 100 da ita ake haifarsu. Gwajin jarirai kuwa a nan Kumasi aka fara shi a 1995, a asibitin Komfo Anokye, ƙarƙashin Farfesa Ohene-Frempong. Ɗigon jini ne daga diddige. In an gano da wuri ana fara ba yaro maganin kariya tun yana wata biyu zuwa uku. Ban ce ita ce ta ɗauki na baya ba, amma a gwada shi, a gwada iyayen, a kai shi awo da rigakafi kan lokaci, ya kwana cikin gidan sauro. Sunan nan ya yi wuyar samu ne saboda yara sun fi rayuwa yanzu.

Ɗan Aboabo:
Na gode Anti, zan gaya wa Yaya yau ɗin nan. Malam, in Kaka ta koma Barau fa? Roƙo ne, babu juji a ciki.

Malam Na Asawase:
In Allah ake roƙo Ya bar shi, ban ga laifi ba. A dai fahimtar da ita cikin ladabi, tsohuwar da ta wanke gawar tattaɓa kunne biyu ba a yi mata tsawa.

Malama Ta Islamiyya:
Barau ma a kula. Yaranmu ba sa bambanta "b" da mai lanƙwasa, ɓarawo za su mayar da shi kafin a yaye shi. Ni Abarshi ya fi kwanta min. Kuma ko wanne aka tsayar, a bar shi a gida, Abdullahi kawai za a rubuta a takardar haihuwa. Rajista kyauta ce kafin ya cika shekara, amma in laƙabi ya shiga takarda ya bi shi har katin ɗan ƙasa, cire shi sai da rantsuwar kotu da kuɗi.

Jikan Barga:
Malama, ni ban yarda a riƙa ɓoye sunayenmu a ɗaki ana fita da na aro ba. Shekarau ma sunan yanayin haihuwa ne, na wanda ya daɗe a ciki, mai shi ya yi gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011 da shi a jikin takardunsa. A rubuta Abdullahi Abarshi, in an tambaye shi ya ba da labarin.