"Mara illa" ko "mara yaɗo"? Mu daidaita sunan ƙarin saman ƙoda

Likitocinmu da masu fassarar labaran lafiya, ku matso mu tsayar da magana ɗaya kafin kowa ya kama tasa. Masu bincike a ƙasashen waje na ƙoƙarin gane irin ƙarin da ke fitowa a adrenal ta hanyar ɗiban jini kawai, kuma ko ba jima ko ba daɗe labarin zai shigo gidajen rediyonmu.

Adrenal wasu 'yan tsoka ne guda biyu, kowacce zaune a kan ƙoda ɗaya, nauyinta wajen giram 5. Su ke fitar da sinadaran da ke sarrafa aikin jiki, wato adrenalin, da kotisol, da aldosteron mai sa jiki ya riƙe gishiri. An kawo shawarar a kira su kaluluwar ƙoda da Hausa. Ban karɓa ba. Kaluluwa kumburi ce da ke tasowa a matsematsi in an ji rauni, mai sauraro zai ɗauka cuta ce, alhali kowa da abin aka haife shi. Ni dai hular ƙoda na zaɓa, wanda ya ga hotonta zai gane dalili.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar benign. Kusan kowa "mara illa" yake cewa, kuma a nan wannan fassarar tana iya cutar da mutum. Abin da likita ke nufi shi ne ƙarin ba sankara ba ne, ba ya bin jiki ya kama hanta ko huhu. Bai ce ba ya ɓarna ba. A 1955 Jerome Conn na Jami'ar Michigan ya bayyana yadda ɗan ƙari a hular ƙoda ke tsiyayar aldosteron fiye da kima, jini ya hau, sinadarin fotasiyam ya yi ƙasa, gaɓoɓi su rasa ƙarfi. Sau da yawa ƙarin bai kai santimita 2 ba. Yawan aldosteron, ko daga ƙari ko daga kaurin hulunan biyu, shi ke bayan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu hawan jini. Ka ce wa irin wannan majinyaci abin da ke jikinsa mara illa ne, ai ka sallame shi daga asibiti ke nan, ga shanyewar ɓarin jiki na jiransa. Don haka: ƙari mara yaɗo, kishiyarsa ƙari mai yaɗo.

Sai gwajin kansa, liquid biopsy. An ce "gwajin ruwa", amma a bakin mutanenmu wannan zai koma fitsari ko ƙarin ruwa. Abin da ake nema a jinin guntayen DNA ne, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, waɗanda ƙwayoyin jiki ke zubarwa in sun mutu. Tun 1948 Mandel da Métais suka gan su a Faransa, a 1997 kuma Dennis Lo ya samo na ɗan tayi a jinin uwa. Na ce mu kira shi gwajin ɓurɓushin DNA a jini.

Amfaninsa a fili yake. Ba a son caka wa hular ƙoda allura don gutsuro tsoka, domin akwai irin ƙarin da in an taɓa shi jini ke yin tashin gwauron zabi nan take. Kuma kowane iri da tabonsa a DNA: tabon da ke sashen DNA mai suna KCNJ5, wanda aka gano a Jami'ar Yale a 2011, na ƙarin da ke fitar da aldosteron ne, na sashen PRKACA da aka gano a 2014 kuma na mai fitar da kotisol. Binciken da aka yi kan baƙaƙen fata a Amurka ya nuna tabon sashen CACNA1D ne ya fi yawa a ƙarinsu mai fitar da aldosteron, abin da ya kamata likitocinmu su sa wa ido. Sai dai a rubuta "ana kan bincike", saboda ƙari mara yaɗo ɓurɓushi kaɗan yake saki.

DNA ɗin na bar shi yadda yake da gangan. "Ƙwayar halitta" mun ɗora mata cell, mun ɗora mata gene, ba za ta iya ɗaukar na uku ba. Mai wata shawara ya kawo, musamman 'yan'uwa na Damagaram da Maraɗi da ke fassarowa daga Faransanci.