Ku da kuka yi addu'a amsa ba ta zo yadda kuka roƙa ba, me ya riƙe ku?

Matar mai jinya:
Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Tambaya ce da ni, kuma don Allah waɗanda abin ya taɓa samu nake so su amsa mini. Maigidana na fama da ciwon ƙoda, an daɗe ana yi masa wankin ƙoda, mun yi addu'a mun yi azumi, dattawan ikilisiya sun zo sun shafa masa mai yadda Yakubu 5:14 ta ce, amma jikin kullum jiya i yau, wani lokaci ma baya yake yi. Ban bar Allah ba, in na bar shi wurin wa zan je, sai dai yanzu in na durƙusa bakina nauyi yake yi, sai in rasa me zan ce wanda ban riga na faɗa ba. Ku da kuka bi ta irin wannan hanya, yaya kuka yi kuka ci gaba da dogara gare shi?

Maman yara:
Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa sauƙi, ke kuma ya ba ki ƙarfi. Ni 'yata ce ta rasu, zazzaɓi ne kawai ya fara kamar wasa, kafin mu ankara har an kwantar da mu, muna ta addu'a mutanen coci na ta addu'a, ta tafi a hannuna. Bayan haka na daɗe ban iya addu'a ba sam. Mutane sun zo gaisuwa da kyakkyawar zuciya amma wasu maganganun ƙara mini ciwo suka yi, wannan ta ce in daina kuka kamar marar bege, waccan ta karanto mini Romawa 8:28 tun ba mu dawo daga jana'iza da kyau ba. Ayar gaskiya ce, yau ina riƙe da ita, amma a ranar kunnena bai iya ɗauka ba.

Wadda ta taimake ni wata tsohuwa ce a zumuntarmu. Za ta zo ta zauna gefen gado, ba ta cewa komai, in ta ga wanki ta ɗauka ta yi, in ta ga ina kuka ita ma ta yi. Ita ce ta lura takalmin makarantar yarinyar na nan bakin ƙofa inda ta cire shi, kowa na tsallakewa, ba ta ɗauke ba sai da ta tambaye ni, na ce a bar shi, ta bar shi. Daga baya da na koma karanta Ayuba na ga abokansa uku sun zauna da shi kwana bakwai dare da rana ba wanda ya ce uffan, kuma a nan ne kaɗai suka yi daidai, don da suka buɗe baki suka fara neman laifinsa Allah da kansa ya tsawata wa Elifaz, ɗaya daga cikinsu, a sura 42 cewa ba su faɗi gaskiya game da Allah ba. Addu'ata ta farko bayan rasuwar Zabura 88 ce na karanta da ƙarfi. Ki duba ta, ba ta ƙare da yabo ba kamar wasu zaburai da yawa, da duhu ta ƙare, kuma Allah ya bar ta cikin Littafinsa. Wannan ya nuna mini ba laifi in je gabansa da baƙin cikina yadda yake.

Tsohon ma'aikaci:
Mama sannu da haƙuri, Allah ya ta'azantar da ke. Nawa bai kai naku ba amma bari in faɗa. An rage ma'aikata a wurin aikinmu sunana ya fito, ga iyali ga haya ga kuɗin makaranta, na yi ta zuwa intabiyu ana cewa za a kira ni, shiru. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina ganin waɗanda na san da hannu biyu suke cin haram suna ta gaba, ni da na ƙi sa hannu a takardar ƙarya ni ne a gida. Ranar Lahadi nakan zauna can baya, in jakar baiko ta iso kaina in miƙa wa na kusa da ni kaina a sunkuye. Zabura 73 ce ta kama ni, Asaf ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ya ga mugaye na cin gaba, sai da ya shiga Haikalin Allah tukuna hankalinsa ya dawo. To ni ma na ce ko ba ni da ko sisi ba zan daina zuwa sujada ba. Wani dattijo ya lura da ni, bai tona ni gaban mutane ba, ya biyo ni waje ya tambayi yara nawa ke makaranta, ya biya na zango ɗaya. Aikin da na samu daga baya albashinsa bai kai na da ba, har yau ina biyan bashi, amma ba mu kwana a waje ba.

Ƙaramin ɗan'uwa:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ni ina ganin mu riƙa lura da abin da muke furtawa. Mahaifiyata likitoci sun ce sai dai a koma gida a jira, muka ƙi yarda, muka tsaya kan Ishaya 53:5 da azumi, yau tana nan da ranta tana tafiya da ƙafarta. Yesu ya ce wa matar nan mai zubar jini shekara 12 bangaskiyarki ta warkar da ke. Mama mai jinya kada ki karaya, ki ƙara bangaskiya, Allah bai canza ba.

Baba dattijo:
Ɗana, na yi murna da shaidarka ƙwarai, Allah yana warkarwa, na gani da idona kuma ba zan taɓa hana kowa roƙon warkarwa ba. Amma ka yi hankali da kalmar nan ta ki ƙara bangaskiya, domin wadda ke kwana a asibiti za ta ji kamar ana cewa ita ce ta hana mijinta tashi. Maman yara da ta yi magana a sama fa, bangaskiyarta ce ta kasa?

Buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, a cikin surar nan dai mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Dukansu manzanni ne, ikilisiya ɗaya. Ibraniyawa 11 ma haka, ta lissafa waɗanda suka rufe bakin zakuna suka tsere wa kaifin takobi, sai daga aya 35 ta juya kan waɗanda aka azabtar, aka jajjefe, aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Bulus da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya a jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka, kuma shi ne ya rubuta wa Timoti cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Ubangijinmu kansa a Getsamani sau uku ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya sha shi.

Ni matata ta yi doguwar jinya ta tafi gida. Na roƙi Allah ya bar mini ita har ranar ƙarshe, ban ji kunyar roƙon ba kuma ban janye shi ba. Abin da ya tsayar da ni maganar Shadrak da Meshak da Abednego ce gaban Nebukadnezzar a Daniyel 3, suka ce Allahnmu yana da iko ya cece mu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Kullum da safe nakan faɗa wa Allah duka biyun, kana da iko, kuma ko ba ka yi ba ni naka ne. Rabin farko da sauƙin faɗi, rabi na biyu wata rana sai da hawaye yake fita.

Ƙaramin ɗan'uwa:
Na ji Baba, na gode. Mama mai jinya ina sa maigida cikin addu'a.

Mai jiran haihuwa:
Baba Allah ya ƙara maka tsawon rai, ka taɓo inda ke mini ciwo. Na daɗe da aure ban samu haihuwa ba, kuma ba irin maganar da ban ji ba. An ce in binciki rayuwata ko akwai zunubin da na ɓoye, an ce daga gidanmu ne abin ya biyo ni, an yi ta tura ni wuraren addu'a iri iri inda ake cewa sai na shuka iri, wato in ba da kuɗi, kafin a buɗe mini. Na daina zuwa irin waɗannan wuraren, don na ga tsoro suke ƙara mini, ba sa kusantar da ni ga Yesu. A Yohanna 9 almajirai sun tambaya wa ya yi zunubi da aka haifi mutumin nan makaho, shi ko iyayensa, Yesu ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. Ranar da na karanta wannan da kaina na yi barci mai daɗi.

Ranar miƙa jarirai a coci ita ce ta fi mini wuya, ina tafi tare da kowa, ina murna da su da gaske, amma in na dawo gida sai na rufe ƙofa na yi kukana. Hannatu ma ta yi irinsa har Eli ya ɗauka ta bugu. Ita ta samu Sama'ila, ni har yanzu ina jira, muna ganin likita muna kuma addu'a. Akwai yara a makarantar Lahadi da nake koya wa, ba su maye gurbin abin da nake roƙo ba, amma ina ƙaunarsu kuma suna sa in tashi in shirya ko ranar da ba na so.

Matar mai jinya:
Allah sarki, na karanta duka ina hawaye. Baba na gode, dama abin da ke cina a ciki ke nan, ko ni ce bangaskiyata ba ta kai ba. Zan karanta Zabura 88 ɗin yau da dare.

Nas mai aikin dare:
Anti bari in ƙara wani abu ta ɓangaren aikinmu. Na farko, don Allah kada kowa ya sa ku tsallake ranar wankin ƙoda ko ku ajiye magani da sunan bangaskiya, na ga waɗanda aka dawo da su jiki ya kumbura numfashi na sama sama saboda an ce musu sun warke su daina zuwa. Luka da ya rubuta bishara likita ne, Bulus ya kira shi ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Na biyu ke kanki. Masu jinya su ne ba wanda ke tambaya ya jikinsu. Na yi jinyar babana ina kuma zuwa aiki, har na kai inda ba na jin komai, ba kuka ba dariya, na ɗauka na ja da baya ne a ruhaniya, ashe gajiya ce da ciwon damuwa, sai da na ga likita. Ki tuna Iliya a 1 Sarakuna 19, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel ya gudu jeji ya zauna gindin itace ya ce Allah ya ɗauki ransa. Allah bai yi masa faɗa ba, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha ya koma barci, ya sake tashe shi ya ci, sai daga baya aka yi magana. Nauyin bakin nan da kike ji wajen addu'a wataƙila rabinsa rashin barci ne. In wani ya ce me zan taimaka da shi, kada ki ce ba komai, ki ce ya kwana da shi dare ɗaya ki je ki kwanta. Kuma Romawa 8:26 ta ce in ba mu san yadda za mu yi addu'a ba Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da baki ba ya iya faɗa, to ko durƙusawa kawai kika yi kika yi shiru an ji ki.

Mai sikila:
Ni ta ɓangaren wanda ke kwance zan yi magana, tunda da sikila aka haife ni, gadon asibiti ba baƙona ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lokacin da ciwon ya tashi, ƙashi na sara kamar zan haukace, ba na iya tuna aya ko ɗaya, Yesu kawai nake iya cewa, shi ma a hankali. Na yi fushi da Allah sosai ina saurayi, na tambaye shi me na yi tun ina ciki. Bai ba ni dalili ba har yau, kamar yadda Ayuba ma ba a taɓa gaya masa abin da ya faru a sura 1 da 2 ba. Abin da ya sauko da ni shi ne gicciye, da na gane wanda nake yi wa kuka shi ma ya yi kuka da babbar murya, Allahna Allahna don me ka yashe ni, kuma ya tashi da tabon ƙusa a hannunsa har ya nuna wa Toma. Ba daga nesa yake kallon ciwona ba.

Mama, abin da zan roƙe ki, maigida ma yana da nasa tambayoyin, kuma ina kyautata zato yana ɓoye miki don kada ya ƙara miki nauyi, ke ma kina ɓoye masa naki, kowa na yi wa ɗan'uwansa murmushi. Haka muka yi da matata har wata rana a ɗakin jinya, ana yi mini ƙarin ruwa, ta ce mini ita fa tsoro take ji, na ce ni ma. Muka riƙe hannu muka faɗa wa Allah haka, mu biyu muna jin tsoro. Tun daga ranar addu'armu tare muke yi. In ya ce miki ya gaji kada ki yi saurin rufe masa baki da aya, ki bar shi ya gama faɗa, sannan ki tambaye shi me yake so ku roƙa yau.