Waɗanda suka daina zuwa gashi, ina suke shiga a lissafin bincike?

Likitan gashi, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina roƙon abokan aiki su faɗi abin da suka gani da idonsu game da yadda sakamakon bincike kan gashi, wato motsa gaɓoɓin marasa lafiya a asibiti, yake karkacewa. Na taɓa taimakawa wajen gwada wani atisayen tafiya ga masu shanyewar ɓarin jiki, kuma a takarda sakamakon ya yi kyau ƙwarai. Sai da na koma kan rajista na lura cewa waɗanda suka kai ƙarshe kusan duk 'yan cikin gari ne, daga Pantami da Bolari da Jekadafari. Mutanen Dukku da Nafada sun zo sau biyu ko uku, damina ta faɗi, kuɗin mota ya gagara, muka daina ganinsu. Wanda jikinsa ya fi tsanani shi ya fi wuyar ɗaukowa, shi ya fara ɓacewa, mu kuwa muka cire sunansa kamar bai taɓa shiga ba.

Malama mai koyar da ɗaliban gashi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ma'aunin PEDro, wanda ake tantance ingancin gwaje-gwajen gashi da shi a kan maki 10, yana hana maki ɗaya idan ba a auna fiye da kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka fara da su ba. Ni tawa matsalar daban ce. Mai gwajin ƙwaya yana iya ba da ta bogi, amma ba ka isa ka ɓoye wa mutum cewa matakala yake hawa ba, balle ka ɓoye wa mai yi masa gashin, shi ya sa muke rasa maki biyun da ma'aunin ke bayarwa kan wannan ɓoyewar, da wuya gwajinmu ya haura maki 8. Abin da ke hannunmu shi ne mai awo ya kasance bai san wanda ke rukunin sabon atisaye da wanda ke rukunin kulawar da aka saba ba, kuma nan ma na taɓa yin sakaci. Ni na horar, ni na riƙe agogo a awon tafiyar mita 10, har na kama kaina ina cewa "Yauwa Baba, saura kaɗan" ga 'yan rukunina, sauran kuwa na yi musu gum.

Mai jinyar mahaifinsa, Kumo:
Hajiya, ni ba likita ba ne, amma na zauna kusa da Baba ana cike masa takardar tambayoyi. Duk abin da aka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Alhamdulillahi, da sauƙi." Kara yake yi wa yarinyar da ke wahala da shi, alhali a gida ko buta ba ya iya ɗagawa da hannun.

Ma'aikacin jinya, Bajoga:
A tuna da gwajin AVERT, wani bincike kan tayar da masu shanyewar jiki daga gado da wuri. Ƙaramin gwajin farko ya sa an yi zaton tayar da mai shanyewar jiki cikin awa 24 yana da amfani, amma a 2015, da aka gwada kan mutum 2,104 a ƙasashe 5, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka tayar da wuri ne suka samu sauƙi sosai bayan wata 3, masu kulawar da aka saba kuwa kashi 50. Malam, rajistar nan tana nan? Ko yanzu a bi sawun mutanen Dukku.

Likitan gashi, Gombe:
Tana nan. Jiya na gwada lambobin da ke ciki, yawancinsu na maƙwabta ne, wasu kuma ba sa shiga.