Idan kwamfuta ta ƙi ganin na'urar mota

A zaman da masu gwajin na'urorin mota suka yi a Damagaram, abin da aka fi nanatawa shi ne 100BASE-T1, wato hanyar sadarwar Ethernet ta cikin mota, wayoyi biyu ne kawai a murɗe, ba ta haɗuwa da RJ45 na kwamfuta (ramin da ake soka wayar intanet) sai da na'urar canji a tsakani. Kuma tsakanin na'urar motar da na'urar canjin, dole ɓangare ɗaya ya zama jagora, ɗayan mabiyi. In duka biyun jagora ne, ko kwana za a yi fitilar da ke nuna an haɗu ba za ta kama ba. A ganina nan aka fi tuntuɓe.

Fitila ta kama amma ping, saƙon gwajin da kwamfuta ke aika wa na'urar, shiru? A sa adireshin IP na kwamfutar da hannu, a leƙa VLAN (lambar rukunin da saƙonni ke ɗauke da ita) da Wireshark, manhajar duba saƙonnin da ke wucewa. Waya kada ta wuce mita 15.